Na-Sani Zai Binne Hayaƙi

Duk layinmu babu wanda ya taɓa kai ƙarshen magana a gaban mai hayar rumfa. Ka ce masa, "Ka ji an ce..." sai ya tari numfashinka: "Na sani." Ka ce ai ba ka faɗi komai ba tukuna, ya ce wannan ma ya sani. Da haka sunan ya manne masa, yara da manya kowa Na-Sani, shi kuwa ya ɗauka kirari ake yi masa. Sana'arsa ba ta wuce tamfol da igiya da kujerun roba ba, amma in ya samu wurin zama zai gaya maka abin da ke damun injin jirgin sama da dalilin da ya sa kifi ba ya tari.

Abu ɗaya ne aka hana shi sa wa hannu, wato bishiyar mangwaron da ke ƙofar gidansu. Marigayi ubansa ne ya dasa ta, kuma a ƙarƙashinta mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, take wuni. Ɗakin Iya rufin kwano ne, da hantsi ya yi ba ya zaunuwa, ga ta da hawan jini, likita ya ce ita da zafi kada su haɗa hanya. Don haka tun safe ake fito mata da kujerarta mai hannu, ta zauna da maficinta har rana ta yi sanyi. Ba ta da wata inuwa sai wannan, kuma ta sha gaya masa: "Ka ɓata abin da za ka ɓata, ɗan nan, amma ka bar mini bishiyata."

Masifar ta faro ne ranar da aka ɗauki hayar rumfunansa don wani taro a filin makaranta. Yana bisa tsani yana ɗaure igiya, sai wata mata ta karɓi lasifika ta fara bayani a kan sauyin yanayi. Ta ce ba zafin yau ko ruwan gobe ake nufi ba, ana nufin yadda shekaru ke tafiya zafi na ƙaruwa, damina na saɓa lokaci, wani wuri ya yi ambaliya wani ya bushe. Ta ce fetur da gas da kwal da ake ƙonawa a motoci da masana'antu da injinan wuta su ne ke fitar da iskar da ke taruwa a sama, har gyatsar shanu tana da nata kason. Iskar nan, in ji ta, ta lulluɓe duniya kamar an ja mata tamfol, zafin rana ya shigo ya rasa ta inda zai fita. Ta ƙara da cewa masana har sun fara gwada kama iskar su tura ta ƙarƙashin ƙasa.

Jin an ambaci tamfol, Na-Sani ya kusa rikitowa daga tsani. "Na sani!" ya ƙwala daga sama, duk taron ya ɗaga kai. Matar ta shiga maganar itatuwa, amma shi ya riga ya sauko, ya karɓi hular da ake rabawa, ya yi gida bakinsa har kunne.

Ya tarar da majalisa ta cika a gindin mangwaro kamar kullum. Ga direban tasi, ga mahauci, ga tela, ga mai gidan burodin da ke manne da katangarsu. Iya na tsakiya tana fifita, ƙanwarsa Malama, wadda ke koyarwa a makaranta, tana matsa mata ƙafa.

"Jama'a," in ji shi, yana gyara zaman hula, "kun san abin da ya sa muke dahuwa? An kafa wa duniya rumfa ba da saninmu ba. Rumfar hayaƙi. To duk faɗin ƙasar nan, wa ya kai ni sanin rumfa?"

"Sai ka hau ka kwance ta," in ji tela.

"Tsanina bai kai ba. Amma na gano asirinta, kullum daga ƙasa ake aika mata faci. Motarka, direba, faci. Tandarka, mai burodi, faci. Sanka, mahauci, in ya yi gyatsa, faci. In na tare hayaƙin tun yana ƙasa na binne shi, rumfar za ta tsufa ta yage da kanta."

"Yaya," in ji Malama, "ba fa baƙin hayaƙin da kake gani ne kaɗai ba. Iskar da ake magana ba a ma ganinta, kuma duniya ce gaba ɗaya ke fitar da ita, ba layinmu ba. Sannan sare itatuwa..."

"Na sani."

"Ban gama ba."

"Na san ƙarshen. Ke a littafi kika karanta, ni a kan tsani na ji. Na fi ki kusa da saman."

Iya ta dube shi daga sama har ƙasa. "Hular nan ba ta matse maka kai ba kuwa?"

"Iya, don ke nake yi. Ki ba ni lokaci kaɗan, sai kin nemi bargo da tsakar rana."

"Ni dai ban aike ka ba," in ji Iya, ta ci gaba da fifitarta.

Da direba ya fara. Washegari direba ya cika mota da fasinja, ya sunkuya yana duba tayar gaba, Na-Sani ya lallaɓa ta baya ya ɗaura wa salansa ƙatuwar leda, ya tamke ta da irin ƙullin da ko guguwa ba ta kwancewa. Direba ya tayar da mota. Mota ta yi tari, ta yi atishawa, ta fara ja, ledar na kumbura, Na-Sani na biye a guje ya tallafe gindinta yana ihu, "Ba ta wuta, yana shiga!" Ba su kai bakin kwalta ba ledar ta fashe da ƙarar da ta sa kaji suka hau katanga. Fasinjoji suka yi waje ta kowace ƙofa, wani ƙato ya fito ta taga ya bar takalmi ɗaya, direba kuwa ya kwanta rub da ciki a bakin kwata yana salati.

Da ya ɗago sai ya ga Na-Sani tsaye, fuska baƙi ƙirin, guntuwar igiya a hannu.

"Kai ne? Me na yi maka?"

"Ba kai ba ne, motarka ce. Ka ga abin da take aikawa sama kullum? Yau na tare shi."

"Ina yake?"

Na-Sani ya ɗaga kai ya duba. "Ya tsere. Ledar ce ba ta da inganci."

"Fasinjojina fa?"

"Sun tafi a ƙafa, kuma haka ake so. Ka ga har an fara samun ci gaba."

Da wani ne, nan zai tsaya. Na-Sani cewa ya yi laifin leda ne, ya koma buhu. Mahauci yana da wani jan sa da yake kiwo a bayan shagonsa, sa mai haƙuri da bai taɓa tunkuyin kowa ba. Na-Sani ya tsuguna a gabansa yana gadin gyatsa. Da ya ga maƙogwaron san ya motsa, sai ya zura masa buhu har ido, ya naɗa igiyar buhun a nasa ƙugun. Wannan ɗabi'ar masu rumfa ce, in za su ja igiya a ƙugu suke naɗa ta don hannu biyu su samu sakewa. Dabara ce mai kyau in da tamfol kake aiki, don tamfol ba ya gudu.

Sa ya tumɓuke turke. Ya ja shi ta gaban shagon tela, ya bi da shi ta cikin shanyar matan layi, ya ratsa da shi ta kan tiren mai tumatir, sai a bakin famfo aka samu aka tare su. Na-Sani ya miƙe da zanen wata baiwar Allah a wuya, gwiwoyi sun saluɓe, amma ya ƙanƙame bakin buhu da hannu biyu.

"Na kamo ta!"

"Me ka kamo?" in ji mahauci yana haki.

"Gyatsa. Guda cur."

"Buɗe mu gani."

"In na buɗe ai ta tafi."

"To ta yaya za mu san tana ciki?"

"Ba a ganinta. Malama, ba haka kika ce ba?"

"Yaya, don Allah kada ka sa ni a ciki," in ji Malama, ta rufe fuska da mayafi.

Ya kai buhun kango ya binne, ya dawo yana ɗingishi, ya tambayi Iya ko ta ji an ɗan samu sauƙin zafi. Iya ta ce ita dai ƙarin kunya ta ji an samu.

A cikin gida matarsa ta sa shi gaba tana gasa masa gwiwa. "Maigida, don girman Allah ka koma ga kujerunka. Na je famfo, mata na ganina suka yi tsit."

"Girmamawa ce."

"Ina juya baya suka fashe da dariya."

"Murna ce. Tsaya, ruwan zafin nan da me kika dafa shi?"

"Da gas mana."

Ya janye ƙafa da sauri. "Faci! A cikin gidana!"

Ta ajiye tsumman ta bar masa ɗakin, ta ce ya gasa da ilimi.

Kwanciyar jinya ba ta rage masa komai ba sai ma ƙara masa buri. Ya ce kuskurensa ɗaya ne, mutum kamarsa yana bin ƙananan hayaƙi. Daga tagar ɗakinsa yana hangen bututun gidan burodi, dogo, baƙi, yana tuttuɗa hayaƙi tun asuba. Yana warkewa ya nufi can.

"Ko kusa," in ji mai burodi. "Na ga abin da ka yi wa direba."

"Direba ba shi da hangen nesa. Kai kuwa sunanka zai shiga rediyo. Gidan burodi na farko a duniya da hayaƙinsa ke tafiya ƙasa."

"Hayaƙi yana tafiya ƙasa?"

"In ya samu shugabanci."

Mai burodi mutum ne mai son a san da shi, ya ɗan sosa ƙeya, ya ce in dai ba za a taɓa masa tanda ba, ya yarda. Na-Sani ya kwaso tamfol ɗinsa kaf, shuɗi da rawaya da mai ratsi-ratsi, har wanda yake rufe kujeru da shi in ana ruwa, ya jibge a shagon tela. Ya ce a haɗe su jaka ɗaya, baki a sama, wutsiya a ƙasa. Tela ya tambaya ko ba zai rage ko guda ba saboda sana'a. Na-Sani ya ce in duniya ta yi sanyi wa zai nemi rumfa, shi ya riga ya yi bankwana da wannan aikin.

Saura ramin da za a binne hayaƙin. Gindin mangwaro ya zaɓa, don nan ne ƙasa ta fi laushi, kuma ga inuwa, ba zai yi haƙa a rana ba. Ya jira ranar da Malama ta kai Iya asibiti awon jini. Da suka dawo, rami ya kai masa ƙirji, a gefe ga tarin saiwoyi masu kauri an sassare su da gatari, suna ta zubar da ruwa.

Iya ta tako bakin ramin ta dubi saiwoyin.

"Ɗan nan, me ka yi?"

"Aski na yi mata, Iya. Saiwar ta yi mata yawa, tana tare hanya."

"Da me za ta sha ruwa? Da me za ta tsaya?"

"Ai ta ɗaya gefen akwai saura. Rumfa ma da turaku biyu tana tsayawa, in mai kafa ta gwani ne."

"Yaya," in ji Malama, "abin da nake so in gaya maka ke nan tun ranar farko. Bishiya ita ce ke shanye iskar da kake bi da buhu. Sare ta yana cikin abin da ya kawo zafin. Wannan da kake sara ta fi ka yin aikin, kuma ba ta taɓa fasa motar kowa ba."

"Na sani. Amma ita a hankali take yi, ni da sauri na zo."

Iya ta dafa jikin bishiyar. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ta, duk wanda ke wurin ya gani a fuskarta. "Ka mayar da ƙasar nan yau."

"Gobe, Iya, da an binne hayaƙin. Kin ga ma ta samu taki."

Washegari ya jera kujerunsa a tsallaken titi, a tsakiyar rana, tunda duk tamfol ya tafi jaka. Layinmu da na bayanmu duk suka fito, don labarin sa da buhu ya riga ya zaga. Mutane suka fara gunaguni, wai mai rumfa ya tara su a rana. Ya ce su sha zafin da kyau, na bankwana ne. Iya ya zaunar a sahun gaba a matsayin babbar baƙuwa, Malama ta kare mata kai da mayafi.

Jakar tana shimfiɗe a kan rufin gidan burodi, an ɗaure bakinta a bututu da waya, daga wutsiyarta kuma tiyo ya sauko har cikin rami. Igiya biyu ya yi mata. Mai kaurin ya hau tsani ya ƙulle ta can sama a reshen mangwaro, ɗayar kuwa ba sai na gaya muku inda ya naɗa ta ba.

Ya ɗauki lasifika. "Jama'a, wata rana jikokinku za su tambaye ku, ina kuke ranar da aka binne hayaƙi?"

"Za mu ce muna rana," in ji direba.

"Mai burodi, sa wuta!"

Aka sa wuta. Jakar ta motsa, ta ɗaga kai, ta fara cika. Shuɗin ya miƙe, rawayan ya bi, mai ratsi-ratsi ya buɗe, kan ka ce kwabo ta fi gidan burodin girma. Maganar gaskiya abin ya burge, har tafi aka yi, matarsa ma ta leƙo daga ƙofa tana murmushi. Na-Sani ya saki kafaɗa yana ɗaga wa jama'a hannu.

Tela ne ya ɓata bikin. "Tiyon nan fa a kwance yake, ba abin da ke sauka."

"Yaya, hayaƙi mai zafi sama yake yi!" in ji Malama.

"Na sani. Bai saba ba ne, zai koya." Ya juya ga jakar ya sa lasifika a baki. "Ƙasa! Na ce ƙasa!"

Hayaƙi bai ji ba. Da jaka ta cika ya rasa wuri, sai ya koma inda ya fito. Mai burodi ya banko ƙofa yana tari, ido jajur, yana ihun burodinsa ya zama gawayi. Daidai nan wayar ta zame daga bututu, jakar ta rabu da rufi, ta yi sama a hankali kamar mai jin kunya. Na-Sani yana tsakiyar cewa kowa ya kwantar da hankalinsa ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Wannan yana cikin tsari!" in ji shi ta lasifika, ya kai tsayin katanga. "Kowa ya zauna, yana cikin tsari!"

"Maigida, sauko!" in ji matarsa.

"Ina zuwa, rumfar nake dubawa ta kusa."

Mahauci ya daka tsalle ya cafko ƙafarsa, takalmi ya biyo shi, mai takalmi ya wuce. Da Na-Sani ya kai inda yake hangen tsakar gidajen mutane, sai muryarsa ta canza.

"Jama'a, tsarin ya ƙare! Ku jawo ni! Direba, ɗan'uwana, kawo mota ta ƙasana!"

"Ka sauko a ƙafa," in ji direba, "haka ake so."

Mutane suna dariya har da faɗuwa daga kujera, wata tsohuwa ta ce a ba ta ruwa za ta shiɗe. Ana cikin haka iska ta taso, irin wadda a 'yan shekarun nan take zuwa ba sallama ba kan lokaci. Ta cika jakar ta yi gefe da ita, Na-Sani na lilo a ƙasanta, igiya mai kaurin ta miƙe tsam. Sai aka ji mangwaro ta yi wani nishi daga can ƙasa, ƙasar gindinta ta fara tsagewa ta gefen ramin. Dariya ta ɗauke.

Iya, wadda sai an kama ta take tashi, ta miƙe tsaye da kanta. "Ku yanke igiyar!"

Mahauci ya zare wuƙa ya haye tsani har ya kai ƙullin. Ya ɗora wuƙa a kai, sai ya tsaya, ya dubi jakar, ya dubi mutumin da ke rataye.

"Iya, in na yanke, bishiya ta tsira. Amma shi fa ba abin da zai riƙe shi. Sai dai mu ji labarinsa daga wata ƙasa."

Iya ta dubi bishiyar, ta dubi ɗanta. Ta sake duban bishiyar.

"Iya!" in ji lasifika daga sama. "Tunanin me kike yi?"

Ta ɗan ƙara jimawa. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Bar igiyar. Sauko kada ta faɗo da kai."

Mahauci na dirowa bishiyar ta tafi. Ba ta yi gaggawa ba, ta karkata, sauran saiwoyin suka tsintsinke ɗaya bayan ɗaya, ta kwanta a kan titi ta ɓangaren da babu kowa. Faɗuwarta ta fizgo jakar ƙasa, jakar ta soku a bakin bututu mai zafi ta dare gida biyu. Duk hayaƙi da baƙin tokar da ta tara suka sauka a kan manyan baƙi. Na-Sani kuwa ya sulmiyo ya faɗa daidai cikin raminsa, ƙasar gefe ta rufta ta rufe shi zuwa wuya.

Da hayaƙi ya lafa, babu mai gane wani. Tela ya kama hannun matar mahauci yana ce mata su tafi gida, mai burodi na zaune a bakin kwata da baƙin burodi a cinya. Aka taru a bakin rami, ga kai ɗaya a ƙasa da hula a karkace.

"To," in ji direba, "an dai binne wani abu."

"Jama'a," in ji kan, yana tofar da ƙasa, "a ƙa'ida an yi nasara. Iskar ce ta zo ba a kan lokaci ba, kuma wannan shi ne sauyin yanayin da nake gaya muku."

Kowa Iya yake kallo, ta tako a hankali har inda bishiyar take kwance, ta tsinki ganye ɗaya ta riƙe, ta juya ta shige gida. Sai da matarsa ta roƙi arziki aka samu masu tono shi.

Kashegari masu zarto suka zo suka daddatsa bishiyar don motoci su samu hanya. Mai burodi ya ce a kai masa itacen a madadin burodinsa, aka kai, kafin hantsi bututu ya fara aika ta sama. Ƙofar gidan ta zama fili fetal, har ba ka gane layin.

Da ɗaki ya ɗauki zafi, Iya ta ce a fito mata da kujera. Malama ta ce, "Iya, a ina za a ajiye?" Ta ce inda aka saba. Aka ajiye ta a gefen ramin, ranar hantsi na dukanta. Ta zauna, mafici a hannu, ba ta fifita ba.

Na-Sani ya fito yana ɗingishi, ba hula. "Iya, ki tashi, zafin nan zai kayar da ke. Bari in kafa miki rumfa."

"Da wane tamfol?"

Ya dubi tsummokaran da ke rataye a bututu, ƙonannu, ko akuya ba za su rufe ba.

"To zan dasa wata. Yau ɗin nan. Malama, mangwaro yana daɗewa kafin ya yi inuwa?"

"Kamar waccan? Sai ka yi furfura."

"Ka dasa," in ji Iya. "Wani zai zauna."

Maganar ta soke shi, kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya tsaya ya rasa inda zai sa hannunsa. Iya ta ɗaga kai ta auna inda rana take.

"Zo nan. Matso. Juya bayanka gabas. Buɗe hannuwanka, ka ware rigar."

Ya ware. Inuwarsa ta faɗo mata a fuska da ƙirji, 'yar siririya, gwiwoyinta na waje. 'Yan majalisa suka iso ɗaya bayan ɗaya don sabo, suka ga babu wurin zama, suka jingina da katanga suna kallo. Direba ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Iya, ya fasa.

Rana ta yi sama. Gumi ya jiƙe masa riga, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Matsa dama," in ji Iya, "ta juya."

Ya matsa.

"Iya, hannuna ya gaji. In ɗan sauke?"

Ta share idonta da bakin zane, ba ta dube shi ba.

"Ita bishiyar ba ta taɓa tambayata ba."